Ɗakin Da Manase Bai Sa Wa Suna Ba

A gidanmu kaf, ƙanena Manase ne kaɗai teku ta ƙi. Babanmu mai nutso ne, manyan jatan lande yake kamowa a gindin duwatsun ruwa, yayyenmu maza biyu ma haka. Shi kuwa Manase, ko kwalekwale na ɗaure a bakin gaɓa, da ya sa ƙafa ciki sai amai. Sau uku Baba yana fita da shi, sau uku ana dawo da shi kwance kamar jiƙaƙƙen buhu. A na ukun Baba ya ce, "Ku kai wa uwarsa kayanta, wannan ba nawa ba ne." Wasa yake yi, amma yaron ya ji, don ni na same shi a bayan tankin ruwa yana kuka.

Da ruwa ya ƙi shi sai ya koma wa rediyo. Ya kwance na Baba ya sha duka, ya gyara na fasto ya sha yabo, daga nan babu abin lantarkin da ya tsira a ƙauyenmu. Da ya girma ya tafi birnin Cairns ya yi shekara biyu yana koyon gyaran kwamfuta, ya dawo ya zauna nan tsibirin Waiben, bai koma tsibirinmu na gabas ba. Ni ma da mijina ya rasu sai na biyo shi da keken ɗinkina. Shago ɗaya muka raba, gaba nawa da yaduka masu furanni, baya nasa da wayoyi da ƙananan kusoshi. Shekara goma sha tara muna haka, ni ina masifa, shi yana cewa, "To, Yaya Nazareth."

Aikinsa yana da ƙa'ida ɗaya, har na haddace ta don yawan ji. Duk kwamfutar da ta shigo hannunsa, kafin ya ɗora mata babbar manhajar da ke tayar da ita, sai ya raba ma'ajinta ɗaki-ɗaki. Ɗaki ɗaya na manhaja. Ɗaki ɗaya na kayan mai ita, hotuna da takardu da waƙoƙi, kuma a kan wannan yake rubuta sunan mutum: Fasto, Makaranta, Goggo Selina. Sannan ya bar wani fanko a gefe, babu suna. Wannan ya ce ɗakin baƙo ne, ranar da za a sauya manhaja nan za a sauke sabuwar, ba a taɓa kayan kowa ba.

"Mai suna na mutane ne, Yaya," in ji shi. "Marar suna nawa ne, in na ga dama in share."

"Ni ina ruwana? Matsar min da tarkacen nan daga kan yadina."

Abin da ya sa sunansa ya kai har tsibiran waje shi ne tono. Mutum ya goge hotunan aurensa bisa kuskure, ko ruwan gishiri ya shiga kwamfutarsa, sai a ce a kai wa Manase. Zai zauna da tsohon faifan nan mai juyi, kwana biyu, kwana uku, sai ka ga ya fito da abin. Na ga ƙaton mutum mai harbin ayu ya rungume shi yana kuka a shagon nan saboda hoton 'yarsa. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce wa mutum, "Daga yau ka riƙa ajiya biyu. Ɗaya a nan, ɗaya a wani wuri." Babu wanda ya fita daga shagon bai sha wannan wa'azin ba.

Ya yi aure a makare, yana da shekara talatin da takwas. Wasie ma'aikaciyar jinya ce, mutanen tsibiran yamma ne su, amma iyayenta sun daɗe a unguwar Tamwoy. Mu sa'o'i mun ɗan sassauta kunyar surukai, ina kiranta Wasie tana kirana Nazareth. Amma tsofaffi, ina! Suruki ba ya kama sunan uban matarsa, ba a baki ba, ba a takarda ba, kuma ba ya duban uwar matarsa ya yi mata magana kai tsaye, sai ta bakin 'yarta. Ni ma da nake yayar miji har yau bakina bai taɓa faɗin sunan mutumin nan ba, kuma ba yau zan fara ba. Tsoho muke cewa.

Tsoho mawaƙi ne, ba irin na rediyo ba. Waƙoƙin rawa yake yi da harshensu, wasu nasa, wasu ya gada: ta iska in ta juya, ta taurarin da ake bi a koma gida, ta duwatsun ruwa kowanne da sunansa. Bai rubuta ko ɗaya ba, ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne. 'Ya'yansa sun iya rawar, amma baitocin sai kame-kame. Manase ne, wanda ba ya jin harshensu sai gaisuwa da zagi, ya ɗauki makirfo ya fara zuwa duk Lahadi bayan an tashi coci. Zai zauna gefe a kan tabarma, Tsoho ya rungumi doguwar gangarsa ya yi ta yi. Shekara shida. Waƙa ɗari da sittin da uku, ban da hirar da ke tsakani, da dariya, da kiran matarsa ta kawo shayi.

Tsoho ya so shi ƙwarai. Yakan ce wa mutane, "Na haifi maza uku masu nutso, Allah ya ba ni ɗan tudu ɗaya da zai riƙe ni." Ranar da Manase ya kawo min wannan maganar, fuskarsa kamar an ba shi tsibiri guda.

Da Tsoho ya rasu, aiki ya dawo kan surukai kamar yadda aka saba. Mu ne masu wanka da haƙa da girki da raba labari, kuma kayan mamaci a hannunmu suke har ranar bikin da za a buɗe dutsen kabarinsa. Kwana biyar da binnewa, ana zaune ƙarƙashin rumfa an yi tsit, sai wayar wani jika ta yi ƙara, ashe waƙar Tsoho ya sa a matsayin kiran waya. Muryar ta cika rumfar. Tsohuwa, matarsa ta shekara arba'in da bakwai, ta miƙe tsaye tana waige-waige, sannan ta faɗi. Da ta farfaɗo ta kira Wasie, Manase na tsugune a bakin rumfa yana ji.

"Ce wa mijinki ya bi gida-gida ya tattara muryar nan kaf. Ya sa ta wuri ɗaya ya rufe. Wuri ɗaya na ce. Ranar da aka buɗe dutse, a buɗe ta in ji."

Ya bi kuwa. Waya-waya, filash-filash, har memorin motar Kapua yayan Wasie, sai da ya goge. Kapua ya yi ta roƙo, "Haba Tawi, bar min ɗaya tak, ba zan kunna ba." Tawi suke kiran juna, shi da mijin ƙanwarsa. Manase ya ce Inna ta hana. Ya sayo sabon ma'aji, irin marar juyin nan da ake kira SSD, don iskar gishirin nan tamu ta sha kashe masa faifai masu juyi. Ya sa shi a kwamfutarsa ta shago, ya yanka ɗakuna, ya zuba Tsoho a ɗaya, ya ɓoye ɗakin yadda ko yaro ya zo wasa ba zai gan shi ba. Da ya zo wurin rubuta suna sai ya tsaya. Sunan mai kaya ake rubutawa, shi kuwa hannunsa ba zai rubuta wannan sunan ba. Ya bar wurin fari.

Ni na yi magana, Allah shaida ne. Na ce, "Kai mai wa'azin ajiya biyu, yau kai ne da ɗaya? Zuba a wani abu in jefa ƙasan akwatina. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Yaya. Ta ce wuri ɗaya."

"Ta ce, ta ce! Ita ta san kwamfuta ne? Je ka yi mata bayani."

"Da wane baki? In aika Wasie ta ce wa uwarta mijina ya ce ba ki yi daidai ba, gawa ko wata ba ta yi ba?"

Na yi tsaki na koma kan kekena. Da na sani da na ci gaba da masifar har ya gaji, tunda abin da na fi iyawa ke nan.

Shekara biyu suka wuce. Dutse ya iso a jirgin kaya, aka kafa shi, aka naɗe shi da yadi da tabarma, aka sa rana cikin hutun Kirsimeti. Tsohuwa ta rame a shekarun nan, amma duk wanda ya je gaishe ta sai ta faɗa masa saura wata nawa. Wasie ta ce da safe uwar tata takan zauna da kofin shayi biyu, ta sha ɗaya ta zubar da ɗaya. Ba rawa take jira ba, ba taro ba. Kowa a Tamwoy ya san abin da take jira.

Wanda bai taɓa zama suruki a bikin buɗe dutse ba bai san wahala ba. Rumfuna, itace, duwatsun gashin rami, masaukin mutanen da za su zo daga tsibirai takwas, duk a kan Manase. Ni kuma anko na mutum saba'in da wani abu, riguna masu furanni ja da fari, ga zafin da ke zuwa kafin ruwan farko, gumi har cikin ido. Ana saura kwana goma sha biyu, ranar Talata da hantsi, ya zauna zai haɗa hotunan Tsoho da muryarsa don a haska a majigi. Manhajar haɗawar ta ƙi tashi a kan tsohuwar babbar manhajarsa. Ya ce ba komai, rabin awa ne, zai ɗora sabuwa a ɗakin baƙo. Da ma ga kwamfutocin makaranta guda uku a kan teburinsa, tun safe aikin da yake yi musu ke nan.

Sai ga Kapua ya faɗo shagon, ƙafa duk yashi.

"Tawi! Injiniyan tudu! Kana nan kana shan fanka, tamfol bai zo ba."

"Ya zo, yana bayan coci."

"Wancan? Wancan ai rariya ce. In ruwa ya sauko ranar, kai za ka riƙe wa fasto lema. Kuma mutanen tsibirin Badu sun ce ayu ɗaya ba zai isa ba."

"To su kamo biyu mana, ni ne zan shiga ruwan?"

"Kai? Allah ya kiyaye, ai sai mu yi buɗe dutse biyu."

Suna cikin wannan ne allon ya kawo jerin ɗakuna. Na gani daga baya, ya nuna min a takarda, ya zana shi ya fi sau ashirin. Aiki. Wasie. Sannan biyu a ƙasa marasa suna, girmansu kusan ɗaya. Ɗaya ɗakin baƙo, ɗaya Tsoho. Kuma a daidai lokacin ni Nazareth na ɗaga murya daga gaban shago.

"Manase! Zo ka gwada rigar nan yanzu-yanzu, ko wallahi ka je bikin da singileti!"

"Ina zuwa, Yaya."

"Ba ina zuwa ba, yanzu!"

Hannun da ya yi shekara ashirin da biyar yana share marar suna, hannun da ya yi hakan sau uku a safiyar nan, shi ya yi aikinsa. Ya danna na farko cikin marasa sunan, ya share, ya ce a ɗora a nan, ya taso. Ya tsaya a gabana hannuwa a buɗe ina soka masa allurai a kafaɗa, ina yi masa tsiya wai tumbinsa ya ƙaru. Kapua yana dariya. Bayanmu injin yana ta aikinsa shiru.

Kapua ya tafi, ni na koma ɗinki. Can sai na lura shagon ya yi tsit da yawa. Na leƙa. Manase yana tsaye da wayar wuta a hannu, ya fizge ta daga bango, rigar ankon na jikinsa da alluraina. Bakinsa a buɗe.

"Lafiya?"

Ya kafa wa baƙin allon ido.

"Kai, da kai nake. Wuta ta ja ka ne?"

"Ɗakin baƙo yana nan," in ji shi, da wata murya da ban san shi da ita ba. "Fanko. Ban taɓa shi ba."

Sai da na ɗan jima kafin na gane. Da na gane ɗakin Tsoho ya share, sai na zauna a kan wani kwali. Amma na yi ƙarfin hali na ce, "To mene ne? Ba kai ne mai tono ba? Na mutane kake tonowa balle naka."

Ya girgiza kai. Ya ce tsohon faifai in ka goge abu, suna kawai yake cirewa daga ƙofa, kayan suna nan a ciki har sai wani ya tare. Wannan sabon kuwa da ka ce share, da kansa yake bi ya wanke ɗakin tas don ya yi sauri gobe. Ga shi kuma an riga an zuba sabuwar manhaja a kai. Ya ce shi ya sani, shi yake faɗa wa mutane haka.

Duk da haka ya gwada. Ya rufe ɓangarensa na shago, ya ce wa mutane zazzaɓi yake yi. Duk dabarar da ya tara sai da ya zazzage, abin da ya fito sai tarkace marar kai. Ranar Alhamis ya naɗe ma'ajin cikin auduga ya ba wani mai tafiya Cairns ya kai wa tsohon malaminsa. Malamin ya bugo ranar Litinin. Ina kusa, na ji yana cewa, "Ɗana, na duba, na ba wani ma ya duba. Babu ko tari."

Daga nan ya shiga bin mutane. Abin da ya rage masa ɗaya ne, ko Allah ya sa a samu marar jin magana, wanda ya ɓoye waƙa ko biyu. Bai faɗi dalili ba, ya ce yana so ne ya tabbatar. Gida-gida a Tamwoy, ya haye tsibirin Ngurupai, ya bugo wa na Cairns da na Townsville. Kowa sai ya buga ƙirji. "Haba, ai kai ka goge da hannunka." "Mu ba ma saɓa wa Inna." Wata ma haushi ta ji, ta ce ko ɓarauniya ya ɗauke ta. Da aka ce masa akwai wani ɗan ƙanen Tsoho a tsibirin Mabuiag da ya taɓa karɓar filash, mutumin nan da ko jirgin fito yake tsoro ya shiga kwalekwalen masunta, awa uku a kan igiyar ruwa. Masuntan sun ce tun kafin su fita mashigi ya amayar da duk abin da ke cikinsa, sauran hanyar jini-jini yake kakari. Ya isa, mutumin ya ɗauko filash ɗin da murna ya nuna masa. Fanko. Ya ce, "Da saƙonka ya iso a ranar na goge, Tawi, ko kwana ban bari ya yi ba."

Ya dawo kamar gawa. Na dafa masa shinkafa da kwakwa ya kasa ci. Na ce, "Ka ce ni ce. Gaskiya ce ma, ni na kira ka."

"Hannuna ne, Yaya."

"To ka ce wuta ce ta lalata shi. Ka ce gishiri. Wa zai ƙaryata ka?"

Ya dube ni kawai. Na ji kunya, na kuma ji haushinsa, na ji haushin kaina, na ji haushin Tsohuwa da wuri ɗayanta, har Tsoho sai da na ji haushinsa da ya ƙi rubutu. Na shiga bayan labule na yi kuka na ƙoshi.

Wasie ya fara faɗa wa. Ban san yadda suka yi ba, na dai ga idanunta da safe. Ana saura kwana uku muka tafi Tamwoy mu uku. Tsohuwa tana gindin bishiya tana kankare kwakwa, Kapua yana gefe yana gyaran ganga. Manase ya zauna a ƙasa, ya ba ta gefen kafaɗa yadda ya kamata, ya dubi matarsa ya faɗi komai. Bai rage ba, bai ambaci kirana ba. Wasie ta buɗe baki za ta maimaita wa uwarta, kuka ya ci ƙarfinta. Ba a ma buƙatar maimaitawar.

Kapua ne ya fara magana. Ya ajiye gangar a hankali.

"Duka?"

"Duka, Tawi."

"Na roƙe ka. A cikin motata na roƙe ka, na ce ɗaya tak. Ka ce min Inna ta hana." Ya nuna shi da yatsa. "Ka bi mu ɗaya-ɗaya ka ƙwace mana ubanmu, ka ce kai ne mai ajiya. To ina ajiyar?"

Tsohuwa kuwa ba ta daina kankare kwakwarta ba. Sai da ta gama ɓarin da ke hannunta, ta duba shi, ta ajiye, sannan ta ce, "Wasie, ce wa mijinki na ji." Ta ɗauki wani ɓarin. Da ta zage shi, da ta jefe shi da kwakwar, wallahi da ya fi mana sauƙi.

An yi biki. Ruwa bai sauko ba, ayu biyu aka kamo, abinci har ya yi saura. Dangi suka kwance yadin da ke kan dutse ɗaya bayan ɗaya, aka karanta rubutun da ke jiki, mata suka yi kuka suka yi guɗa. Da aka zo rawa, tsofaffi suka haɗa kai suka tono waƙa tara cikin na Tsoho, a ta huɗun ma sai da biyu suka yi musu a gaban jama'a kan baiti, wannan ya ce dutsen ruwan kaza ne, wancan ya ce a'a. Majigin ya haska hotunan da aka samo a bangon gidaje, lasifikokin suna tsaye gefe da gefe babu abin da ke fita. Tsohuwa ta zauna a kujerar gaba cikin rigar da na ɗinka mata, hannuwa a cinya. Manase yana can baya yana raba nama, don aikin suruki ne, kuma babu wanda ya ce masa ya bari. Mutane suna miƙo faranti suna kallon wani wuri.

Bayan biki ya buɗe shago, amma ba shi ba ne. Gilashin waya yake canzawa, da batir. In an kawo kwamfuta a ɗora mata manhaja sai ya ce a kai Cairns. Na taɓa ganin ya gwada sau ɗaya, ta Fasto, da allon ya kawo jerin ɗakuna sai ya tashi ya fita waje ya tsaya a rana. Babu wanda ya kore shi daga ko'ina. Wasie tana nan, tana dafa masa, suna zuwa coci tare. Kapua yana gaishe shi in sun haɗu, gaisuwar baƙi, ba tsiya ba zolaya. Ni ma na daina yi masa masifa, kuma na lura hakan ma ciwo yake yi masa, amma na kasa komawa.

Bayan Ista Wasie ta zo shago da rana ta ce Inna tana nemansa. Ya wanke hannu, ya canza riga. Na ce zan raka shi, bai hana ni ba.

Mun same ta a baranda, ta ƙara ramewa, ido ya faɗa. Manase ya zauna a matakala ya ba ta gefe. Ta dubi Wasie, tana murza bakin zanenta.

"Wasie, ce wa mijinki ba faɗa na kira shi ba. Abin da ya wuce ya wuce. Tambaya ce da ni."

"Yana ji, Inna."

"Shi ne ya zauna da babanki shekara shida yana ɗauka. In zai tayar da waƙa, gangar yake fara bugawa sannan ya sa baki, ko kuwa da hanci yake fara jan ta sannan ganga ta biyo?" Ta yi ɗan murmushi kamar mai neman gafara. "Tun Kirsimeti nake nema. Da can in na rufe ido ina jinsa, shi ya sa ban damu da jira ba. Yanzu in na rufe ido sai in ga bakinsa yana motsi, amma ba na jin komai. Wannan ɗin kawai nake so in kama, wataƙila sauran ya biyo."

Wasie ta juya ta dubi mijinta. Ni ma na dube shi.

"Ce wa Inna da hanci yake farawa," in ji shi. "Sannan ganga."

Tsohuwa ta rufe ido. Muka zuba mata ido tana gwadawa, kanta yana ɗan kaɗawa, leɓɓanta a haɗe. Ta jima a haka. Da ta buɗe ido ta ce, "To. Ce masa na gode. Zan ci gaba da gwadawa."

Muka taso mu biyu, Wasie ta tsaya wurin uwarta. Rana tana dukan kwalta, karnuka duk sun shige ƙarƙashin motoci. Mun kusa gangaren asibiti na ce, don in ce wani abu dai, "Ka ga, ko wannan ma ka ba ta wani abu."

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Ban sani ba, Yaya."

"Ba ka san me ba?"

"Ban san da wanne yake farawa ba. In zai fara, ni idona yana kan 'yar fitilar na'ura, ina duba kada sauti ya yi yawa ya fashe. Kullum cewa nake in na samu lokaci zan zauna in saurara da kyau." Ya share fuska da tafin hannu. "Faɗa mata kawai na yi. Yanzu za ta zauna tana neman sa ta hanyar da wataƙila ba nan yake ba."

Na buɗe baki, ni Nazareth da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, na rasa. Wata mota ta yi mana hon, na kama hannunsa na ja shi gefen titi.